Gemun Tela a Gasar Waya

Kyaftin ɗinsa ya sake cin jan kati. Tela ya kifa wayar a kan keken ɗinki, ya riƙe gemunsa da hannu biyu kamar za a ƙwace masa shi.

Ƙwacewar kuwa za a yi. Masu shagunan layinsu ne suka haɗa gasar ƙwallo ta waya. Kowa zai zaɓi 'yan wasa na gaske ya kafa tawagarsa, in sun ci ƙwallo a fili, shi kuma ya sami maki. Sharaɗi ɗaya aka sa: wanda ya zo na ƙarshe, zakaran gasar zai aske masa gemu a shagon mai aski, a gaban jama'a. Tela ne da bakinsa ya kawo sharaɗin, don a lokacin gemun mai walda yake hange.

Gemu ne fa na gani na faɗa. Kullum sai ya sha mai da mataji kafin a fita, har matarsa ta gaji da mitar yadda man ke ɓata mata rigunan filo.

Ba wai Tela bai san wasan ba ne. A gida ma koyarwa yake yi, kyauta. Tun ranar da ya rasa tabarau ya miƙa wa matarsa wayar ta shigar masa da lambar shiga gasar, ta shiga yi masa tambayoyi irin na wanda bai san komai ba. Shi kuwa sai ya gyara zama.

"Uwar yara, abin na masu kai ne. Kada a ƙarar da komai a kan tauraro ɗaya. Kada a zaɓi ɗan wasa don ana son kulob ɗinsu. A duba masu rauni kafin a rufe canji. Sannan kada a kori mutum don ya yi mako ɗaya bai ci ba."

"Ikon Allah," in ji ta, tana ninke wanki. "To 'yan benci masu jiran canji fa, Baban yara?"

Da ya isa shago kuma sai zuciya ta karɓi ragama. Ya cika tawagarsa da 'yan kulob ɗinsa. Ya sayi tauraro mai tsada, tauraron ya karye a mako na biyu. Duk wanda ya kora cikin fushi, a makon zai zura biyu. Wace irin rayuwa ce wannan, a ce gwani guda ƙwallo ta juya masa baya?

A can saman jerin gasar kuwa wata tawaga ce mai suna Sabon Shiga, ba wanda ya san mai ita. Ba ta gaggawa, ba ta fushi, maki kawai take tarawa. Tela ya zargi mai kemis. Ya zargi ƙanin mai walda. Ya je ya yi wa mai aski ƙorafi, mai aski ya ce duk mai lambar gasar yana da damar shiga.

Makon ƙarshe ya zo ya wuce, mai walda ya tsallake Tela da ƙyar, ya bar shi a na ƙarshe.

Ranar aski shagon ya cika har bakin titi. Aka zaunar da Tela, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya. Ya roƙi a rage masa ko da na haɓa ne, aka sa dariya. Sai ya runtse ido.

"Zakara ya fito!" in ji mai aski.

Dariyar ta ɗauke ɗif. Injin aski ya fara ƙara, wani hannu mai laushi ya ɗaga masa haɓa, aka yi magana daidai kunnensa.

"Ka daina motsi, Baban yara. Shawararka na bi ɗaya bayan ɗaya, kai ne ba ka bi ba."