Amsa Bayan Tiyata

Ranar da ta fara ganin Dillali, tana cin abincin rana ne a bayan kantar shagon littattafan da take aiki. Ruwan sama ne ya koro shi, turarensa ya riga shi shigowa. Tana ɗaga kai fuskarta ta ɗau zafi, zuciyarta ta hau bugu, numfashi ya yi mata wuya. Ta karance rabin littattafan shagon, don haka ta san sunan wannan ciwo.

Shi ma ya lura. Daga nan kullum da rana sai ga shi da ledar abinci mai yaji. Ya jingina da kantar, yana kaɗa makullin motar da aka ba shi ya sayar, yana ba ta labarin kansa. Kafin ta gama ci gumi ya jiƙa ta, sai ta ruga bayan shago.

"Kunya ce," yake gaya wa abokansa. "Haka nake wa 'yan mata."

Ran da bai zo ba ma abin yakan taso mata. Ta ce kewa ce.

"Mutumin da bai taɓa tambayar ki yaya kika kwana ba?" in ji yayarta.

"Yaya, ba za ki gane ba. Jikina ne ke faɗa mini."

Da ya nemi aurenta, ta ce ya ba ta lokaci. Ita kanta ta rasa dalili. Jiki ya amsa tuntuni, bakin ne ya ƙi.

Sai rama ta kama ta, ga murɗar ciki. A asibiti aka zura mata siririn bututu mai kyamara, aka ɗauki hotuna. Likita ta nuna mata wani ɗan ƙari a hanji, da ɗigo guda a hanta. Ƙarin ya yi zurfin da bututu ba zai iya ciro shi ba, sai an yi tiyata.

Dillali ya zo da sabuwar hula, ya bi gadajen ɗakin yana sanar da masu jinya cewa tunaninsa ne ya ramar da ita. Ana tura ta ɗakin tiyata ya sunkuyo.

"In kin fito, ina son amsata."

Ta fito. Da ta ɗan warware, Likita ta zauna a bakin gadonta ta yi mata dogon bayani. Akwai tambaya ɗaya da ta sake maimaitawa, Likita ta sake ba ta amsa iri ɗaya.

Da la'asar ya iso da abokansa, don a samu shaidu. Ya gyara hula, ya tsaya inda haske zai same shi. Ta daɗe tana kallonsa, hannunta a kan ƙirji.

"Kun gani ko? Ta kasa magana," ya ce.

"Zan iya," ta ce a hankali. "Likita ta ce zafin fuskar nan da gumin da bugun zuciyar, ƙarin ne ke zuba wani sinadari a jinina, musamman in na ci yaji. Son da nake maka yana cikin kwalba a ɗakin gwaji. Amma na yi maka alkawari, in sun gama da shi zan sa a ba ka abinka."