Igiyar da Kawu Ya Fizge

Har yau ina jin ƙaurin man janareta na shagon Kawu Habu, ƙanin mahaifiyata, a bakin Kasuwar Kilomita Biyar da ke Bangui. Kwamfuta biyu gare shi, kuma a kansu muke buga wasan mayaƙa na kyauta ta intanet. Dokar shagon ita ce wanda aka kayar ya bar kujera. Kawu bai taɓa barin tasa ba.

Wata la'asar, ina ɗan firamare, jarumata mai kibiyar wuta ta rutsa dodonsa a lungun fage. Jininsa ya kusa ƙarewa. Yaran unguwar Kokoro suka cika ƙofa suna ihu da yaren Sango.

Na ce, "Kawu, yau kai ne za ka tashi!"

Kafin in saki kibiyar ƙarshe, allona ya yi baƙi. Wasan ya ɗauka na gudu, ya ba shi nasara. Na leƙa ƙarƙashin tebur, na ga igiyar kwamfutata a tsakanin yatsun ƙafarsa.

Ya ce, "Wuta aka ɗauke, ɗana. Tashi wani ya zauna."

Janareta na ruri, allonsa na haske, amma kowa ya yi dariya. Na tashi.

Yanzu na gama jami'a, Kawu kuma ya koma can birnin Duwala. Duk ranar da na ga sunansa a wasan, nakan aika masa goron gayyata zuwa fage. Bai taɓa amsawa ba. Ya san ƙafarsa ba ta kaiwa Bangui.