Gudun Ƙarfe Biyar

Ƙarfe biyar na yamma na yi, Auta ya ajiye sifana ya ɗaure takalmi.

"Gudun nan dai?" Baba, mai garejin, ya ɗago da ƙyar daga benci. "Motoci uku na jira. Masu hankali da asuba suke gudu."

"Da asuba ina layin asibiti da kai, Baba. Likita ya ce in riƙe lokacin da ba zan tsallake ba, har kitsen hantata ya ragu."

"Ni da tawa hantar ta ƙare ban yi raki ba. Ka fita ƙofar nan, kai da garejina har abada."

Auta ya fita. Wata huɗu yana zagaye fili kullum da yamma. Da asuba kuma ya kai Baba asibiti.

Ran nan likita ya zaunar da Baba. "An samu mai ba ka ɓangaren hantarsa. Da farko mun ƙi shi saboda kitse, yanzu ta yi fes."

"Wane bawan Allah ne?"

Auta ya turo ƙofa. "Wanda ka kora. Kuma ba shawara na zo nema ba."