Ina Hanyar Gobarau?

Ka taɓa gyara wa mutum abin da bai ce maka ya lalace ba? Rashida ta taɓa, kuma har yau in ta ga na'urar nuna hanya manne a gilashin motar wani, sai ta kau da kai.

Mahaifinta, Alhaji Dabo, shekara talatin ya yi yana aikin gwamnati a kudu. Can aka haife ta, can ta girma. Da ya yi ritaya ya kwaso iyalinsa ya dawo Katsina, ya zauna a GRA. Duk Juma'a bayan La'asar yakan tuƙa su zuwa Gobarau gaida kakarta ta wajen uwa. Kuma duk Juma'a, da sun shiga Ƙofar Durbi, sai hanya ta ɓace masa.

Sai ya rage gudu a gaban wani zaure inda wani tsoho mai wankin hula, Malam Ado, yake jera huluna a rana. Ya sauke gilashi, ba ko sallama, ya ce, "Malam, ina hanyar Gobarau?"

Tsohon yakan goge hannu a riga, ya taso, ya dafa ƙofar motar. Kwatancensa ba ya ƙarewa. A bar rijiyar da aka cike a hagu, a wuce inda makarantar allo take a dā. Yana yi yana leƙen kujerar baya. Minti goma a kan tafiyar minti biyar. Mahaifiyarta dai sai ta sunkuyar da kai.

Da farko ita da yayanta dariya suke yi wa abin. Da abin ya shekara, yayanta Umair ya kira daga Abuja.

"Mantuwa ce ta tsufa, Rashida. Yau Gobarau ce, gobe gidansa zai manta. In na zo da Sallah zan karɓe makullin nan."

Ta san abin da motar nan take a wurin Baba. Shi yake wanke ta da hannunsa. Ranar da aka raba shi da makulli, ranar zai tsufa da gaske. Ita kuwa ga digiri sabo fil a fannin taswira, ga kai cike da dabaru. Ina amfanin karatun in ba ta ceci mahaifinta ba?

Ba ta so ta haɗa shi da waya, don kira ɗaya zai rikita shi. Na'ura mai zaman kanta ta samo, wadda ake kira GPS. Ta goge gilashin gaba tas, ta danna robar ta kama, ta karkatar da fuskar yadda ba za ta tare masa gani ba. Ta cusa wayar caji a ramin kunna sigari, ta fito da motar fili har na'urar ta kama tauraron ɗan'adam. Taswirar ba ta san lungunan cikin gari ba, sai ta hau babur ta je ƙofar gidan kakarta da kanta ta adana wurin.

"Baba, danna nan kawai. Ita za ta gaya maka komai."

Ya daɗe yana kallon abin. "Allah Ya yi albarka," ya ce.

Juma'ar nan, a Ƙofar Durbi, ƙafarsa ta sauka daga kan totur. Malam Ado ya riga ya fara goge hannu. Sai muryar macen da ke cikin na'urar ta ce da Turanci a yi dama.

"Ka ji ko, Baba? Dama! Ba sai mun dami bawan Allah ba."

Ya yi dama. Ta madubi Rashida ta hango tsohon a tsaye, da jiƙaƙƙiyar hula a hannu. Ita murna take yi. A ranar ta kira Umair ta ce makulli ya tsira.

Sati na gaba ta tarar da na'urar a ƙasan kujera. Baba ya ce zafin rana ne ya sake robar. Ta sa gam. Na gaba ya ce cajin ba ya shiga. Ta duba, wayar ce a zare. Ta ɗaure ta da salatif. Ya ce muryar matar tana sa shi ciwon kai, ta rage ƙarar. Kowace matsala ya kawo, kafin ya rufe baki ta warware ta, tana jin daɗin kanta.

"Ki bar shi mana da hanyarsa," in ji mahaifiyarta wata rana.

"Mama, so kike Yaya Umair ya zaunar da shi a gida?"



Juma'a tara suka wuce zauren ba tsayawa. Wa zai tsaya tambayar hanya da wannan abu yana haske a gilashinsa? A ta shida Malam Ado ya daina tasowa. A ta takwas wani ne yake jera hulunan.

A ta goma babu hula ko ɗaya. Tabarmi ne shimfiɗe har bakin titi, dattawa zaune. Na'urar ta ce a yi dama. Baba ya kashe mota. Ya fita, bai rufe ƙofa ba, bai ɗauki takalminsa da ya zame ba. Sai Rashida ta ga dattawan suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, suna kama hannunsa, suna cewa, "Alhaji, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?" A gefenta mahaifiyarta ta rufe fuska da mayafi.

Don Allah, duk wanda ya karanta wannan ya yi wa Malam Ado addu'a, ya sa Rashida a ciki. Marigayi Malam Ado yayan Alhaji Dabo ne uwa ɗaya uba ɗaya, wanda Alhajin ya rantse cikin fushi tun kafin ya tafi kudu cewa ba zai ƙara gaishe shi ba, kuma tambayar hanya ce kaɗai maganar da rantsuwar ta bar musu.