Ranar da Aka Fasa Goran Riskuwa

Hoto na uku ke nan da Malam Muhyiddeen ya gani tun fitowarsa daga gida a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi: fuskar ƙaninsa manne a tankin babur ɗin wani ɗan kabu-kabu, an rubuta "A saki Riskuwa" a ƙasa. Ya kawar da kai ya tsayar da wani mai babur. Shi ma da hoton.

Abin da ciwo, wallahi. Shekara biyu cur Malam yana shugabantar kwamitin masuntan Argungu, tun da wani kamfanin shinkafa ya datse reshen kogin Rima ya juya ruwan zuwa gonarsa, tafkuna suka ƙafe. Takardar koke goma sha ɗaya ya rubuta, da Turancin da ko lauya sai ya nemi ƙamus. Ya sha zaman benci a ofisoshin Birnin Kebbi har masinjoji sun daina tambayar sunansa. Amma ko mahaukaci bai taɓa manna hotonsa ba.

Shi kuwa Riskuwa, wane ne? Daga aji uku na sakandare ya watsar ya koma ruwa. Ɗan abin da ya sani na gwagwarmaya a bakin Malam ya tsinta, don Malam tarihi yake koyarwa, kuma a kan neman 'yancin ƙasar Ailan ya yi digirinsa na biyu. In ya je gida hutu, ba ya gajiya da labarin 1916: yadda wasu 'yan tsiraru suka ɗauki bindiga a birnin Dublin, mutanen gari suka bi su da zagi ranar da aka kama su, sannan sojan Ingila suka shiga harbe jagororin ɗaya bayan ɗaya, sai ga masu zagin nan sun koma yi musu kuka.

"Ba bindiga ta juya mutane ba," Malam kan ce, "hannun hukuma ne ya yi nauyi."

Riskuwa na gefe yana ɗinkin homarsa ta kamun kifi, kamar ba da shi ake ba.

Sai ran nan da hantsi, shi da mutum huɗu suka ɗauki shebur suka fasa datsiyar. Ruwa ya koma tafkuna, amma a hanya ya cinye albasar gidaje da dama. Kai, ya sha tsinuwa! Ɗan iska, mai ja wa gari masifa, babu wanda bai ji ba. Malam ya yi ta girgiza kai a gaban mutane, a zuci kuwa sanyi yake ji.

Sanyin bai daɗe ba. A taron kwamiti, tsoho Hodi, wanda bai cika magana ba, ya ce, "Yaron ga ya yi wauta. Amma shi datsiya ya taɓa, mu takarda muka taɓawa." Ba wanda ya musa. Malam ya koma Birnin Kebbi ya kasa cin tuwo.

Kwana huɗu 'yan sanda na neman Riskuwa. Ana gobe kasuwa, bayan la'asar, wayar Malam ta yi ƙara.

"Yaya, ina rumfar albasar Tamba, bayan kasuwa. Kar kowa ya ji. Ko Goggo ba ta sani ba."

Malam ya ce Allah ya tsare. Amma bai mayar da wayar aljihu ba.

Washegari kasuwa ta cika maƙil aka fito da Riskuwa da ankwa. Motar 'yan sanda ba ta iya shiga lungun ba, dole aka ratsa da shi tsakiyar jama'a. Wanka ya yi, da farar riga, rungume da goran ubansu, ƙaton goran nan da masunci ke kifa ciki a kai ya yi iyo. Gado ne, daga kaka zuwa uba zuwa ɗa, kuma a wurin masunta ko tsallake shi ba a yi. Wani ɗan sanda, baƙo ne ba ɗan ƙasar ba, ya ɗauka makami aka ɓoye a ciki. Ya sa gindin bindiga ya fasa shi.

Wadda ta fara kurma ihu Fatu ce, matar da ruwan ya cinye wa albasa kaf.

Kafin mako ya zagayo an daina sayar wa ma'aikatan kamfani ko tumatir. Lauyoyi biyu suka zo kyauta. Kamfanin da bai taɓa amsa takardar Malam ba ya aiko neman sulhu, kuma masunta suka ce da Riskuwa kaɗai za a zauna. Samari kuwa sun rantse sai sun tono wanda ya tsegunta maɓoyarsa, kuma in sun same shi ya gama zama a Kabi.

Shi ya sa yau Malam ya nufi inda ake tsare da ƙanin nasa. In bai je ba, za a fara tambayar dalili. A kan babur yana ta shirya faɗa: labarina ka sata, wahalata ka hau, kai da ko sunan Dublin ba ka iya rubutawa.

Aka fito da Riskuwa. Ya rame, amma fuska a sake. Ya durƙusa har ƙasa ya gai da wansa.

"Na gode, Yaya. Ba don kai ba da har yanzu zagina a kai."

"Godiyar me?" Malam ya ce a daƙile. "Labarin Ailan?"

Riskuwa ya dubi gandiroban da ke bakin ƙofa, ya matso, ya rage murya.

"Kwantar da hankalinka, ba mai ji a bakina. Kai ɗai na hwaɗa ma inda nike, Yaya, don duk cikin dangi kai ɗai na tabbata za ka kira 'yan sanda."