Macen da Ta Yi Magana a Sharaɗa

Keken ɗinkin buhu bai tsaya ba sai da aka buga ƙararrawar hutun Azahar. Mas'uda ta kakkaɓe zaren leda daga zaninta, ta leƙa ta tagar masana'antar. Yarinyar tana nan inda ta saba tsayawa, gindin darbejiyar bakin get, jaka a kafaɗa, waya a hannu.

Ta kwana biyu tana zuwa Sharaɗa. Ɗalibar jami'a ce, digiri na biyu take yi a kan tsare-tsaren ilimi, tana binciken abin da ke fitar da 'ya'yan matan masana'antu daga makaranta. Ranar farko ta shigo da ladabinta, ta ce sunanta Zulaihat, daga gidan marigayi Alhaji Abdulbaqi na Bompai. A ranar Mas'uda ta ɓata buhu biyar a jere, ita da ɗinkinta bai taɓa karkacewa ba. Ta san Bompai, ta yi aikatau a can da ƙuruciya, bayan rasuwar mijinta na fari.

Washegari fomani Labaran, mai kula da ma'aikata, ya tara matan ɗinkin. Mutum ne da in ka ga haƙorinsa a waje, to wani aka kora.

"Duk wadda ta buɗe baki a gaban wayar yarinyar nan, kada ta wahalar da kanta zuwa gobe."

Ba wasa yake ba. 'Yan aikin yini ne su, kuma kullum da safe akwai mata a bakin get suna jiran gurbi. Kowa ta kama bakinta, har da waɗanda ba su iya shiru ko a gidan makoki.

Jiya da za ta wuce, Mas'uda ta ji yarinyar tana waya. Malaminta ya ce in ba ta kawo hira da ko mace ɗaya daga cikin masana'anta ba kafin mako ya ƙare, ba za ta kare aikinta bana ba, ga wa'adin karatunta ya zo ƙarshe.

Mas'uda kuwa tana da yara uku a Panshekara, da miji mai ciwon ƙirji tun da ya baro majema a Challawa. Da keken nan ake ɗora tukunya a gidan. Ta san haka sarai, kuma tsoro ya cika ta, amma ta ja mayafinta ta miƙe.

Binta, wadda kekensu ke jere, ta riƙo ta.

"Ke Mas'uda, kanki ɗaya? Ga Labaran can ya zubo miki ido."

Ta zame hannunta ta fita.

A kan bulo ta zauna, ta ba yarinyar gefe, idonta a ƙasa. Zulaihat ta durƙusa ta gaishe ta, ta kunna wayar don naɗar maganar.

"Mama, 'ya'yanku nawa?"

"Uku ne a ɗakina."

"Nawa suka gama sakandare?"

"Babu."

Daga nan magana ta zubo. Ta faɗi yadda babban ya bar makaranta a aji biyu ya kama turin kurar ruwa. Ta faɗi yadda macen take zama da uban da ƙaramin, don lokacin aiki da na makaranta ɗaya ne, wani dole ya zauna a gida. Ta faɗi titin da tireloli ke bi, wanda ba uwar da za ta saki ɗan shekara shida ya tsallaka shi kaɗai. Duk tsawon hirar ba ta ɗaga kai ba, ba ta kuma kira sunan yarinyar ba, sai dai "baiwar Allah".

Zulaihat ta share ido da bakin hijabi.

"Ku yi haƙuri, Mama. Ni na yi sa'a, mahaifiyata ta tsaya min. Ba don Hajiya ba, da ban ga ƙofar jami'a ba."

"Allah ya saka mata da alheri," in ji Mas'uda. Har zuciyarta ta faɗa, amma ta ji ciwon maganar.

"Kuma kada ku damu, sunanku ba zai fito a littafin ba. Lamba ake sawa."

"Hakan ya fi."

Yarinyar ta kamo hannunta da hannu biyu don godiya. Mas'uda ta janye da sauri, har Zulaihat ta ɗauka ta yi laifi, ta hau ba da haƙuri. Sai da ta shiga adaidaita ta ba da baya, sannan Mas'uda ta ɗago ta kalle ta da kyau, har suka sha kwana.

Da ta juyo, kwanon abincinta na ajiye a wajen get. Ta taga ta hango wata mace a kan kekenta, tana koyon sa zare. Labaran bai ko ɓata yawunsa ba.

Ba ta iya tafiya gida ba, don ba ta san abin da za ta gaya wa mijin ba. A bakin titi Binta ta same ta bayan an tashi, ta hau ta da faɗa tana hawaye.

"Kin zubar da abincin yaranki saboda 'yar masu kuɗi! Gobe ta manta da ke. Ko kallonta ma kin kasa yi, sai ka ce surukarki. Wai ke mene ne haɗinki da ita?"

Mas'uda ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Babu komai," ta ce a hankali. "Ranar da aka yaye ta Hajiya ta karɓe ta, ta ce za ta yi mata boko har ƙarshensa, in dai ban ƙara taka gidan ba. Ta cika alkawarinta. Ni haihuwarta kawai na yi."