Baƙo Mai Sandunan Aro

Tun da dattijon ya shigo filin golf ɗin da sandunan aro, Manaja ya sha jinin jikinsa. An yi masa raɗa cewa cikin makon nan hukumar wasan za ta turo mai ba da maki a ɓoye. In filin ya faɗi, aikinsa ya tafi, in kuwa aikin ya tafi, auren da yake ta lallaɓawa ya bi ruwa.

Wayarsa ta yi ƙara. Budurwarsa ce, tun safe take kira. Ya kashe wayar gaba ɗaya, yau ba ranar hira ba ce.

"Baba, bari in raka ka da kaina," in ji shi.

Dattijon ya yi murmushi, wushiryarsa ta bayyana. Manaja ya ji kamar ya san murmushin nan, wataƙila a wani taron hukuma. Zarginsa ya ƙara ƙarfi.

Bugun farko, dattijon ya tono ƙasa ya bar ƙwallo a zaune. Manaja ya ce a ransa duk ɓad-da-kama ne, mu za a yi wa wayo? Ga shi ba ya duba ciyawa, ba ya leƙa rami, shi Manajan kaɗai yake bi da ido. Lallai har ma'aikata ake aunawa.

Sai Manaja ya shiga nuna isa. Suka iske tsohon mai yankan ciyawa yana hutawa bai share ramin yashi ba, ya wanke shi tas, har da "tsohon banza".

A rami na tara ƙwallon dattijon ta faɗa cikin duhuwa. Doka dai, inda ta kwanta nan ake bugunta. Manaja ya faki ido, ya shuro ta da ƙafa zuwa sarari.

"Ka taki sa'a, Baba, ta daki bishiya ta dawo."

"Haka ka gani?"

"Wallahi da idona."

A bakin ƙofa Manaja ya kasa haƙuri. "To Baba, maki nawa ka ba mu?"

"Fili dai ba shi da laifi, yaro." Ya miƙa sandunan, ya tafi ko waiwaye babu.

Manaja ya yi ajiyar zuciya, daɗi ya cika shi. Ya kunna waya, ya kira budurwar don ya ba ta albishir, amma ta riga shi magana.

"Ina ka shige tun safe? Kawu ya ce ba zai amince da aurenmu ba sai ya ga halinka da idonsa. Yana nan zuwa filinku, ka kula da shi don Allah, bai taɓa riƙe sandar golf ba."